"Manyan Baki": Abin da Salon Rubutun Hannu Ya Jawo Mana a Kankiya

Yau hirarmu kan haruffa ce, waɗannan masu lanƙwasa kamar wani ya zauna da biro ya rubuta, da suka cika katunan biki da fostocin da ke yawo a WhatsApp.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanaki mu matasa muka shirya taro a Kankiya, muka ba wani ƙaninmu ya haɗa mana sanarwa a waya. Ya zaɓi irin wannan salo, kuma ya yi kyau kam. Sai da aka buga aka liƙa, wani dattijo ya tsaya ya karanta da ƙarfi: "Muna maraba da manyan baki." Baƙi fa muke nufi! Wallahi ranar mun sha dariya, mun kuma sha kunya.

Laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Yawancin waɗannan haruffa don Turanci aka zana su, wanda ya zana bai san da ɓ, ɗ da ƙ ba. Idan ka rubuta su, ko dai wani ɗan akwati ya fito, ko manhajar ta aro harafin daga wani salo, ya tsaya tsuru a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Shi ya sa yaranmu ke cire ƙugiyar kawai su huta. Don haka kafin ka zaɓi salo a Canva ko PixelLab, fara rubuta "ɓera, ɗaki, ƙofa" ka gani. In bai ɗauka ba, bar shi.

Ba wai na tsane su ba ne. Suna sa ka ji kamar mutum ne ke maka magana, ba ofis ba. Ko Comic Sans da ake ta yi wa ba'a, Vincent Connare ya zana shi ne a Microsoft a 1994 don ya yi kama da rubutun littattafan barkwanci. Sunan ango da amarya, tambarin mai turaren wuta, nan ne gidansu. Amma kwanan wata, wurin taro da lambar waya? A'a. Fostar da ke bakin titin Kano zuwa Katsina, daga cikin mota a guje ake karanta ta. Kuma don Allah a daina jera su da manyan haruffa zalla, ido ciwo yake.

Wani abu da ya burge ni: akwai salon ajami mai suna Alkalami da SIL ta fitar, an ɗauko shi daga rubutun hannun malaman Kano, kuma kyauta ne. Wato hannun da kake gani a allon almajiri a Kusada ya riga ya shiga kwamfuta. Na boko mai ƙugiya ne muke jira, ku masu zane a cikinmu, wa zai fara?