Yadda A Ke Yi Wa Littafi Sutura

Yawancinmu in muka ji an ce an buga littafi, sai mu ɗauka aiki ya ƙare ke nan da zarar inji ya ɗora tawada bisa takarda. Alhali kuwa abin da ke fitowa daga bakin inji manyan fallayen takarda ne, ko wanne ya kusa faɗin tebur, ga shafuna birjik a kansa, waɗansu a tsaye, waɗansu kai ƙasa. Kafin su zama abin da yaro zai riƙa a hannu sai an naɗe su, an jera, an ɗinke, an datse baki, an sa bango. Wannan aiki na baya shi ke yanka wa littafi kwanakinsa, ko ya ga jikokin mai shi, ko kuwa ya watse kafin damina ta kewayo. Tun da ya ke mu ne za mu fita mu riƙe aji, littattafan makaranta kuma su zama amana a hannunmu, ya kamata mu san yadda a ke wannan aiki, don mu iya rarrabe mai ƙwari da na banza, mu kuma iya ɗinke wanda ya ɓarke.

Naɗi da datsa

Farkon aiki naɗi. In an naɗe falle sau ɗaya, ya ba da warƙa 2, watau shafi 4. Sau biyu, shafi 8. Sau uku, shafi 16. Sau huɗu, shafi 32. Kowane falle da aka naɗe ya zama ƙulli guda, littafi kuwa ƙulla-ƙulla ne da aka jera bisa juna. Saboda haka ne wani lokaci ka kan tarar da fararen warƙoƙi a ƙarshen littafi: magana ta ƙare, falle bai ƙare ba.

Akwai wani abu da mai naɗi ke lura da shi wanda ido bai cika gani ba. Takardar inji tana da jijiya, kamar yadda itace ke da ita, gama zaren da aka yi ta da shi ya kan kwanta ya fuskanci gefe guda. Ka gwada da kanka: yaga jarida ta wannan gefe, sai ta tsage sambal, yaga ta ɗaya gefen, sai ta yi ta karkacewa. Dole jijiyar ta bi tsawon ƙashin bayan littafi. In ta gicciye, littafin ba ya buɗuwa da daɗi, ya yi ta rufe kansa, in kuma ya sha raɓa warƙoƙinsa su yi kunya.

Naɗi ya kan bar bakin waɗansu warƙoƙi a rufe, don haka sai an datse gefe uku. A da a Turai a kan sayar da littattafai da yawa ba a datse ba, mai karatu ya riƙa tsaga su da 'yar wuƙa yana tafiya. A 1844 wani Bafaranshe, Guillaume Massiquot, ya fito da injin datsa mai babbar wuƙa, wadda ke sauka ta yanke tulin takarda gaba ɗaya.

Ɗinki, waya da danƙo

Tsintsiya, an ce, maɗaurinki ɗaya. Hanyar ɗaure warƙoƙi uku ce, kuma a nan ne littattafai suka fi bambanta.

Ta fari ɗinki da zare. A kan soka allura ta tsakiyar kowane ƙulli, a ɗinke shi, sa'an nan a sarƙe shi da na kusa da shi. Irin wannan littafi ya kan buɗe ya kwanta shar bisa tebur, warƙa kuwa ba ta fita sai an yage ta. Da hannu a ke yi tun azal, har David Smyth ya ƙago injin ɗinkin littafi a Amurka a 1868.

Ta biyu waya, irin wadda mu ke gani a tsakiyar littafin rubutu da mujalla. Tana da sauri da araha, amma ba ta ɗaukar littafi mai kauri. Aibinta tsatsa: in damina ta yi nisa sai wayar ta ci takarda, warƙar tsakiya ta fara faɗuwa, sauran su biyo ta.

Ta uku danƙo. A kan yanke ƙashin bayan ƙullan duka har kowace warƙa ta zama ita kaɗai, a kankare wurin, a shafa danƙo, a manna bango. William Hancock ya fara wannan a Ingila a 1836 da danƙon roba, amma da shekaru suka tura robar ta bushe ta farfashe, littattafan suka zube warƙa warƙa. Danƙon zamanin nan ya fi wancan nesa ba kusa ba, yawancin littattafai masu bangon takarda kuwa da shi a ke haɗa su. Duk da haka wanda aka yi da danƙo maras kyau, in aka tanƙwara shi baya sau biyu sau uku, sai ka ji ƙas, ya rabu biyu. Araha ba ta ado.

Gane su ba wuya. Ka dubi littafi ta samansa, wajen ƙashin baya. In ka ga ƙulla-ƙulla a jere kamar an ninke riguna, ka buɗe tsakiyar ɗaya, za ka ga zare. In ka ga warƙoƙi a tsaye ɗai-ɗai cikin danƙo, to, a lallaɓa shi.

Bango

Littafi Mai Tsarki da Gutenberg ya buga a Mainz ta ƙasar Jamus wajen 1455, ba a sayar da shi da bango ba. Mai saye shi ke kai wa gwanin haɗa littafi, a sa masa allunan katako a rufe da fata gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Haka aka daɗe ana yi. Tsakanin 1820 da 1830 ne aka fara rufe kwali da ƙyalle a London, har ya zama ana fitar da dubban littattafai da sutura iri ɗaya. A 1935 kamfanin Penguin ya fito da littattafai masu bangon takarda, ko wanne sisi, talaka ma ya sami na saye.

Mu ma a nan ƙasar muna da tamu hanya tun kafin zuwan injin bugawa. Littafin da malami ya rubuta da hannu ba a ɗinke shi, warƙoƙinsa a sake su ke. Don kada su rikice, marubuci ya kan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabace ta. Sai a sa su cikin tadarishi a ɗaure da igiyar fata, a zura cikin gafaka a rataye, nesa da ƙasa inda gara ta ke. Hikimar ita ce almajirai da yawa su iya karatu da littafi guda, kowa da warƙarsa.

Fatar da dukawanmu ke wannan aiki da ita kuwa ba ta da na biyu. Fatar jar akuya ce ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi, majema su jeme ta da bagaruwa, a rina da karan dafi. Fatake sun daɗe suna ƙetare Sahara da ita, Turawa kuma suka laƙaba mata sunan Maroko, don ta wajen can ta kan iso musu. A 1901 wani kwamiti a London ya bincika dalilin da ya sa fatun littattafansu ke rubewa su zama jan gari. Suka tarar laifin na asid ne da majemansu ke sa wa fata, da kuma hayaƙin fitilun gas. A wannan shekara Douglas Cockerell, shahararren mai haɗa littafi, ya rubuta cewa fatar akuyar da a ke kawowa daga ƙasar Kwara ita ce ya fi samun amfaninta, gama ta jure gwajin da aka yi mata. Abin da ke rataye a rumfar baduku, ashe shi gwanayen Turai ke nema.

Ado mai tsaro

Yawancin adon littafi yana da aikin da ya ke yi. Rubutun zinariya a bango, a kan shafa farin ƙwai a fata, a shimfiɗa zinariya wadda aka buge ta fi fatar albasa sirantaka, a danna da ƙarfe mai zafi. Zinariya ba ta tsatsa, saboda haka sunan littafi ya kan daɗe bai dushe ba. In kuma an shafe bakin warƙoƙi da ita, sai su haɗe sumul, ƙura ta rasa ta inda za ta kutsa.

A zamanin nan an fi tsare bangon takarda ta hanya biyu. Ɗaya, a shafa masa man ƙyalli, ɗan'uwan wanda kafinta ke shafa wa tebur, don kada tawada ta goge. Ɗayar, a manna masa leda siririya da zafi, wadda ke kare shi daga ruwa da maiƙon hannu. Leda ta fi ƙarfi, ta dace da littafin aji da taswirar bango. Amma a kiyaye: abin da aka manna wa leda da zafi ba ya ɓantaruwa lafiya. Kada a kuskura a yi wa tsohon rubutun hannu ko takardar shaida haka. A sa su cikin jakar takarda mai tsabta, ya fi.

Abin da ya rage gare mu

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maƙiyan littafi a ƙasarmu sanannu ne: gara da kyankyaso masu son abin manni, fumfunar damina, da iskar hunturu mai busar da bango har ya lanƙwashe. A ajiye littattafai a tsaye bisa kanta, nesa da ƙasa da jikin garu, inda iska ke ratsawa. A riƙa fito da su ana kaɗewa. A hana yara jawo littafi ta saman ƙashin bayansa, ko cusa alƙalami a ciki a rufe. Sabon littafi kuwa a kafa ƙashin bayansa bisa tebur, a riƙa kwantar da warƙoƙi kaɗan kaɗan, gaba da baya, har a kai tsakiya.

In ƙaramin littafi mai waya ya fara tsatsa, a cire wayar, a huda uku a tsakiyar naɗin: sama, tsaka, ƙasa. A shigar da zare ta hudar tsaka daga ciki, a dawo ta sama, a tsallake zuwa ƙasa a fita, a sake dawowa ta tsaka, sa'an nan a ƙulle bakin zaren biyu bisa dogon zaren da ya ratsa. Warƙar da ta yage a liƙe ta da siririyar takarda da ɗan kunun garin alkama da aka dafa. A guji salatif, gama ya kan bushe ya faɗi, ya bar tabon da ba ya fita.

Allura da zare da rabin sa'a ran Asabar sun isa su ƙara wa littattafan aji shekaru. In muka koya wa yara su yi da hannunsu, wanda ya taɓa ɗinke littafi da wuya ya sake jefa shi ƙasa.