Kwanan Zaune a Ƙofar Dukawuya: Abin da Ke Sa Ɗalibai Raya Dare Gab da Jarrabawa

Duk wanda ya saba bin titin da ya ratsa ta Ƙofar Dukawuya zuwa Kabuga ba ya bukatar a gaya masa jarrabawa ta ƙarato. Zai gani a shagunan hoton takardu, inda layi ke kaiwa har bakin titi. Zai gani a teburin mai shayi, wanda a da yake tashi da ƙarfe goma sha ɗaya, yanzu kuwa sai ya kai ukun dare yana tambayar masu jajayen idanu: "Malam, a saka kofi ko a bar shi haka?" A tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, wadda ta tare a wannan wuri tun 1968, ajujuwa kan cika bayan sallar isha'i kamar da safe. Ɗalibai na kiran abin TDB, wato karatu har garin Allah ya waye.

Kwanan zaune ba sabon abu ba ne, amma a 'yan shekarun nan ya tashi daga dabarar wanda ya makara ya koma al'adar kusan kowa. Da yawa kan ce lalaci ne kawai, a tuna musu cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai gaskiya a ciki, domin wayar hannu ta cinye wa matasa sa'o'i masu yawa. Sai dai idan aka tsaya nan, an bar jaki ana dukan taiki.

Dalili na farko shi ne matsewar zangon karatu. A 2020 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ya haɗu da kullen korona, aka yi fiye da wata tara ba lakca. A 2022 an sake rufewa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Da aka dawo, jami'o'i sun yi ta gudu don cike giɓi, darasin da ya kamata a warware a natse sai a dunƙule shi cikin handawut. Ɗaliban da suka shigo a wannan yanayi sun koyi cewa karatu abu ne da ake haɗiya, suka kuma gadar wa na bayansu.

Na biyu shi ne tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin adaidaita sahu ya yi tashin gwauron zabi. A shekarar ce kuma kuɗin rajista a Jami'ar Bayero ya ƙaru, har gwamnatin Kano ta amince da ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 'yan jihar 7,000. Bashin karatu na NELFUND, mai alawus ɗin naira 20,000 a wata, ya rage raɗaɗi tun 2024, amma bai kai kowa ba. Saboda haka ɗalibi kan yini a rumfar POS, ko kan keken ɗinki, ko shagon yayansa a Kantin Kwari. Wanda rana ta tafi a neman na abinci, dare kaɗai ya rage masa.

Na uku, gida kansa. A unguwannin cikin ganuwa ɗaki ɗaya kan ɗauki samari huɗu ko biyar, ga zafi, ga sauro, ga wutar lantarki da ba ta da alƙawari. Aji mai fitila da benci ya fi wa ɗalibi gida. Na huɗu kuwa shi ne yadda ake auna ilimin: jarrabawar ƙarshe ke ɗauke da kashi 60 zuwa 70 na maki. Wanda ya san awa biyu ko uku ne za su yanke hukuncin wata huɗu, dole ya tara ƙarfinsa a bakin ƙofa.

Ba za a ce abin ba shi da amfani ba. A waɗannan darare ne mai ƙoƙari kan hau allo ya yi wa 'yan ajinsu bita kyauta, a warware tambayoyin shekarun baya tare, a raba garau-garau a kwano ɗaya. Mutane da dama sun tsallake kari-oba ta wannan hanya.

Amma hasarar ta fi ribar nauyi. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace lokaci guda yana saurin zubewa, wanda aka rarraba bitarsa kuwa yana zama. Masana barci sun ƙara da cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya, kuma baligi na bukatar awa bakwai zuwa tara. Kofin da aka sha da tsakar dare, rabin ƙarfinsa na nan a jiki bayan kimanin awa biyar, shi ya sa ɗan barcin bayan asuba ma ba ya daɗi. Sai ka ga yaro a ɗakin jarrabawa ya dafe kai, yana ganin shafin a zuciyarsa har da inda ya ja layi da jan biro, amma kalmomin sun ƙi fitowa. Daga nan shaiɗan kan raɗa masa satar amsa, wadda ke iya jawo kora. Ko da ya ci ma, bayan mako biyu sai ka tarar allon ya goge.

Akwai kuma rashin adalcin da ba a cika magana a kai ba. Ɗalibar da ke zaune gaban iyayenta, ko matar aure mai goyo, ba ta da halin kwana a aji. Idan bita mafi amfani da tsakar dare ake yin ta, an bar ta a baya ba don ta gaza ba. Namijin da ya fito da ƙarfe biyu kuma yana tafe yana waige saboda masu ƙwacen waya.

Abin lura shi ne maganin yana nan cikin ganuwa. A makarantun allo na cikin birni, malam ba ya biya wa yaro izu guda a dare ɗaya. Yakan ba shi 'yan ayoyi, ba zai wanke allo ba sai ya kawo hadda, kullum kuma akwai tilawar abin da ya wuce. Yawancin ɗaliban nan sun zauna a kan wannan tabarma, sun san hanyar.

Don haka gyaran na kowa ne. Sassan jami'a su yawaita ƙananan gwaje-gwaje a tsawon zango, su ware makon bita wanda ba lakca a cikinsa. Ƙungiyoyin ɗalibai su mayar da bitarsu tsakanin la'asar da magariba domin mata su samu halarta. Iyaye su sauke wa ɗalibi aike da tsaron shago a makonnin ƙarshe. Shi kuma ɗalibi ya ware awa ɗaya bayan asuba tun makon farko, ya riƙe ta kamar yadda ya riƙe allonsa yana yaro. Wanda ya yi haka, daren jarrabawa zai rufe littafi da ƙarfe goma ya kwanta.