Gargaɗi ga Masu Buga World of Warcraft: Alewar Hallow's End Ba ta Sayarwa Ba ce

Jama'a, a yi hattara. Idan bikin Hallow's End ya kama a cikin World of Warcraft, lokacin biki irin wannan ne kasuwar 'yan damfara ke ci. Duk wanda ya turo maka saƙo ya ce zai sayar maka da alewar Tricky Treat, ko ɗari ce ko dubu, kada ka tura masa ko sisi. Ƙarya yake yi, domin alewar nan da zarar ta shiga jakarka ta maƙale da kai. Ba a miƙa wa wani ita, ba a aika masa ita a wasiƙa, ba a kai ta kasuwar gwanjon cikin wasan. Abin da ba zai iya ba ka ba, ta yaya zai sayar maka?

To, sai ya canza salo. Zai ce ka ba shi sunan asusunka na Battle.net da kalmar sirri, ya shiga ya tara maka cikin dare ɗaya. Nan ne haɗarin yake. Da safe za ka tarar an kwashe zinariyarka, an sayar da sulken da ka yi watanni kana nema, an bar ɗan wasanka tsirara a bakin akwatin wasiƙa. Ko da mutumin bai sace komai ba, ba wa wani asusunka da cinikin kayan wasa da kuɗin gaske duk sun saɓa wa dokar kamfanin Blizzard, kuma suna iya jawo a rufe asusun.

Wasu kuma raɗa suke yi maka a cikin wasan da sunan ma'aikacin kamfanin, wai ka ci kyautar dokin Headless Horseman, ka latsa wani adireshi ka karɓa. Kada ka latsa. Ma'aikacin gaske yana da shuɗin tambarin Blizzard kusa da sunansa, kuma ba zai taɓa tambayarka kalmar sirri ba. Dokin nan, wanda mutane ke shekaru suna bin sa, sa'a ce kawai ke fitar da shi bayan an kayar da mai shi a Scarlet Monastery.

Abin haushin ma, alewar kyauta ce. Ka zaga masaukan baƙi, ka taɓa bokitin kabewar da aka ajiye a kowanne, ka yi ayyukan bikin na kullum, za ta taru. Da guda 150 kana iya sayen kyanwar nan Feline Familiar. Idan ka ci alewar kuwa, ɗan ƙarin gudu ne na 'yan daƙiƙoƙi, kuma in ka cika ci cikin ɗan wasan ya ɓaci ya yi amai.

Sannan kada ka yi mata ajiya. Bikin kusan mako biyu ne, yana ƙarewa a farkon Nuwamba, abin da ya rage a jaka kuma ɓacewa yake yi. Ka kashe ta wajen masu sayar da kayan bikin tun kafin ranar ƙarshe.

Wanda ya riga ya ba da kalmar sirrinsa, ya canza ta yanzu, tare da ta imel ɗinsa. Ya kunna Authenticator a manhajar Battle.net ta wayarsa, sannan ya kai ƙara a shafin taimako na Blizzard, ya kuma sanar da abokan ƙungiyarsa kada su amsa saƙon da ya fito da sunansa.