Me ke sa masu sankarar ɓargo tsira ko rasuwa idan korona ta kama su?

Mutum na farko da cutar korona ta kashe a Najeriya mai fama da sankarar ɓargo ne. A ranar 23 ga Maris, 2020, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar da rasuwar wani dattijo mai shekara 67 a Abuja, wanda bai daɗe da dawowa daga jinya a Ingila ba. Ta ce yana da ciwon sukari, yana kuma karɓar maganin wata sankara da likitoci ke kira mayeloma. Mamacin shi ne Suleiman Achimugu, tsohon shugaban kamfanin PPMC.

Mayeloma tana kama wasu ƙwayoyin halitta ne da ke cikin ɓargo, waɗanda aikinsu shi ne ƙera sinadaran da jiki ke yaƙar cututtuka da su. Idan suka lalace sai su hayayyafa fiye da kima, su riƙa fitar da sinadari iri ɗaya mara amfani, su danne masu lafiyar. Wannan sinadarin yana taruwa ya toshe ƙoda, cutar kuma tana zaizaye ƙashi, ta kawo ƙarancin jini. Magungunan da ake bayarwa su ma suna ƙara raunana garkuwar jiki. Saboda haka korona kan tarar da majiyyacin ba shi da abin kare kansa.

Binciken da Ƙungiyar Masana Mayeloma ta Duniya ta wallafa a mujallar Blood a 2020 ya duba majiyyata 650 daga ƙasashe daban-daban, akasarinsu waɗanda aka kwantar a asibiti. Kimanin kashi 33 cikin ɗari sun rasu. Adadin ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa, daga kashi 27 har zuwa 57. Ya kamata a tuna cewa waɗannan alƙaluma na farkon annoba ne, lokacin babu rigakafi, kuma ba su ƙunshi da yawa daga waɗanda suka warke a gida ba.

Abin da ya fi muhimmanci a binciken, a ganina, shi ne bayanin waɗanda suka fi shiga haɗari: masu yawan shekaru, masu nau'in cutar mai tsanani, masu ciwon ƙoda, da waɗanda sankarar tasu ba ta lafa ba. Irin maganin da mutum ke sha, ko kasancewar an taɓa yi masa dashen ɓargo, bai fito a matsayin abin da ke ƙara mutuwa ba. Ma'ana, wanda ya daina zuwa asibiti don tsoron korona ya ƙara wa kansa haɗarin da yake gudu. Likita ne kawai ke da hurumin dakatar da magani na ɗan lokaci idan an kamu.

Wannan batu ya shafi mazauna Kwali da ƙauyukanta kai tsaye. Mayeloma kan fara ne da ciwon baya ko na haƙarƙari, da kasala, alamun da manomi ko mai dakon itace zai ɗauka gajiyar aiki ce ko sanyin ƙashi. Sai a yi watanni ana sayen maganin kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen a kemis, alhali waɗannan suna ƙara lalata ƙodar da cutar ta riga ta taɓa. Kafin a kai ga likitan jini, majiyyaci ya haɗa biyu daga cikin abubuwan haɗarin nan: ƙoda ta raunana, sankara ba ta samu magani ba. Ga shi kuma bincike a Amurka ya nuna cutar ta fi kama baƙar fata ninki biyu a kan turawa.

Tazarar ba ta da yawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, maƙwabciyar Kwali a kan hanyar Lokoja, yana da sashen cututtukan jini, kuma a can aka killace masu korona da dama a lokacin annobar. Babban Asibitin Kwali na iya yin gwajin jini na farko ya tura mutum gaba.

Rigakafin da aka fara yi a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ranar 5 ga Maris, 2021 ya rage mace-mace, sai dai jikin mai mayeloma ba ya amsa allurar kamar na sauran mutane, musamman masu karɓar daratumumab. Tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, ya yi rigakafi, amma korona ta yi ajalinsa ranar 18 ga Oktoba, 2021 yana da shekara 84, yana fama da mayeloma. Shi ya sa likitoci ke ba irin waɗannan majiyyata shawarar ƙarin allura, su kuma buƙaci mutanen gidansu su yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, amma ƙwayar cutar na nan tana yawo. Mai mayeloma da ya ji zazzaɓi, tari ko sarƙewar numfashi ya je asibiti a ranar, ya kuma faɗa wa likita duk magungunan da yake sha, domin maganin korona na Paxlovid, wanda ake farawa cikin kwana 5 da bayyanar alamu, yana cin karo da wasunsu.