Yadda Ake Goge Rubutu a Tsohon Littafi

Sabon littafi ya yi tsada. Shi ya sa iyaye da yawa a Barnawa, kudu da kogin Kaduna, sukan saya wa 'ya'yansu tsofaffin littattafai. Haka ma ake yi a ƙauye. Sai dai sau da yawa za ka tarar mai littafin na farko ya cike amsoshi a ciki. Yaro kuwa in ya ga amsa, kwafa zai yi, ba zai yi tunani ba. Don haka a goge kafin a ba shi.

Da farko, duba da me aka yi rubutun.

In fensir ne, abin da sauƙi. Baƙin fensir a saman takarda yake kwanciya, ba ya shiga ciki. Nemi farin kilina mai laushi. Jan nan na gindin fensir yakan bushe ya ɓata shafi. Danne shafin da yatsunka. Goga a hankali, daga tsakiya zuwa baki. Kada ka yi gaba da baya, takardar za ta yamutse ko ta yage, balle da hunturu. Sai ka kaɗe ɓarɓashin da gashin kaza.

Ba ka da kilina? Gutsuri cikin burodi ka mulmula. Da shi Turawa suke gogewa kafin 1770, shekarar da wani masani ɗan Ingila, Joseph Priestley, ya bayyana cewa roba tana goge fensir. Amma ka kaɗe sosai, kada kyankyasai su bi littafin.

Akwai kuma fensir mai maiƙo, wanda wasu 'yan kasuwa ke rubuta farashi da shi a bangon littafi. Da kaki ake yin sa. Kilina ba ya ɗauke shi, sai ma ya dama shi. In bangon mai sheƙi ne, busasshen tsumma ya isa. In takarda ce, kankare a hankali da bakin cokali. Ɗora farar takarda a kai, ka danna da dutsen guga mai ɗumi, ba mai zafi ba. Kakin zai narke ya bi farar takardar. Launi kan rage kaɗan, ba komai. Kada ka sa kananzir ko miyau, tabo za su bari.

Rubutun biro kam ba ya goguwa, domin ya riga ya shiga cikin takarda. Yanki 'yar farar takarda ka manna a kan amsar.