Me Ya Sa Maganaɗisu Ke Kama Ƙarfe, Ya Ƙyale Tagulla?

A shekarar 1922, a birnin Frankfurt na Jamus, Otto Stern da Walther Gerlach suka harba ƙwayoyin zarra na azurfa ta tsakiyar wani maganaɗisu mai ƙarfi, suka tare su da farantin gilashi. Bisa tsohon ilimi, kamata ya yi su fantsama ko'ina. Sai ga shi sun rabu gida biyu tak, tsakiya wayam.

Asirin bai fara tonuwa ba sai 1925, lokacin da wasu samari biyu a Jami'ar Leiden ta Holan, George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit, suka ce ilaktaron da ke cikin zarra yana da juyi na kansa, kamar katantanwar yara, kuma juyin nan ne ya mai da shi ɗan mitsitsin maganaɗisu mai arewa da kudu, wanda shi ne ya raba zarrar azurfar gida biyu. Dattijo Hendrik Lorentz ya buga lissafi ya ce in dai juyawa ce ta zahiri, to gefen ilaktaron sai ya fi haske gudu, abin da ba ya yiwuwa. Da gaskiyarsa. Ba wani abu da ke wulwulawa a ciki; sifa ce da ilaktaron ya zo da ita tare da nauyinsa da cajinsa. A 1928 Paul Dirac ya nuna cewa lissafi da kansa ne ke tilasta ta.

To, kowane abu cike yake da ilaktaron, me ya hana tagulla ko katako mannewa? A yawancin abubuwa bibbiyu suke zama, ɗaya ya fuskanci sama, ɗaya ƙasa, ƙarfinsu ya kashe juna. Zarrar ƙarfe kuwa, mai ilaktaron 26, tana da waɗanda ba su da abokin zama. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne zarra maƙwabta suna tilasta wa juna fuskantar gefe guda, unguwa-unguwa. Kusanto da maganaɗisu kawai, sai unguwannin su haɗa kai, ƙusa ta yi tsalle ta manne.

Zafi na rusa wannan tsari. Da ƙarfe ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, ya yi jawur a maƙera, maganaɗisu ba ya ƙara kama shi sai ya huce.

Firoton da ke tsakiyar zarra ma yana da nasa juyin, ko da yake maganaɗisunsa bai kai na ilaktaron ba ko kusa. Da shi na'urar MRI ke aiki a asibiti: tana jera firoton ɗin haidurojin da ke cikin ruwan jiki, ta girgiza su da igiyar rediyo, ta saurari amsarsu, ta zana hoton ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga kowa ba.