Yawon Yini Ɗaya Daga Kwali

Ɗauki takardar naira 20 ka duba bayanta. Matar da ka gani tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar garin Kwali da ke kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja. Idan ka sauka a garin nan lokacin hutu, kana iya bin sawunta cikin yini ɗaya.

Yi sammako ka nufi arewa, ka ratsa Gwagwalada da Zuba. Kafin Suleja za ka hangi Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira 100. A Suleja, wadda a da ake kira Abuja, Ladi ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954. Daga nan ne aikinta ya kai har Ingila.

In da sauran lokaci, bi hanyar Minna ka ga yadda kogin Gurara ke zubowa daga kan duwatsu. Da damina ruwan ya fi ƙarfi, duwatsun kuma santsi gare su, saboda haka kada ka matsa kusa. Ka juyo kafin la'asar, domin ka isa masauki da sauran haske.